Saita manhajoji ta layin umarni: me ake rubutawa a baƙar tagar nan, kuma wa take amfana?

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta. Windows 11 da ta gaje ta tana neman na'ura mai TPM 2.0, wato wani sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, kuma a ɓangaren Intel galibi sai ƙarni na takwas zuwa sama. Da yawa daga cikin kwamfutocin tokumbo da ke aiki a shagunan buga takardu na Tudun Wada da Kawo, da ɗakunan kwamfuta na makarantun kuɗi a Rigasa ko Sabon Tasha, ba su cika wannan sharaɗin ba. Masu su sun rabu: wasu sun zauna a kan Windows 10, wasu sun tura Windows 11 ta bayan gida, wasu kuma sun fara gwada wata babbar manhajar daban, Linux.

Duk wanda ya sake ɗora babbar manhaja ya san cewa ba ɗorawar ce ke cin rai ba. Abin da ke biyo baya ne: kwanan wata ya koma salon Amurka, takarda ta koma Letter maimakon A4, allo yana mutuwa bayan minti biyar, haruffan ƙ da ɗ da ɓ sun ɓace daga madannai. A daidai wannan gaɓar ne mai gyara kan turo wasu layuka ta WhatsApp, ya ce a buɗe baƙar taga a liƙa su a danna Enter. Wani ya ɗauka kutse ne, ya ƙi taɓawa. Wani kuma ya liƙa duk abin da aka ba shi ido rufe. Dukansu ba su san abin da layin ke yi ba.

## Ma'anar kalmomin

Layin umarni hanya ce ta yi wa kwamfuta magana da rubutu maimakon danna hotuna da linzami. Tagar da ake rubutun ana kiranta Terminal a Linux da macOS, a Windows kuwa akwai Command Prompt da PowerShell. Wannan hanyar ta girmi tagogi da linzami. Da ita aka fara.

Saiti kuma, idan aka fayyace shi, abu biyu ne kacal: gurbi mai suna, da ƙimar da aka zuba a ciki. Gurbin "girman rubutu" yana ɗauke da lamba. Gurbin "nuna ɓoyayyun fayiloli" yana ɗauke da e ko a'a. Duk lokacin da mutum ya shiga tagar saiti ya danna wani abu, manhajar tana zuwa ta canza ƙimar gurbi ɗaya a wata ma'ajiya, sannan ta karanta ta a duk lokacin da aka buɗe ta. Tagar saiti kamar kantar shago ce, ka faɗa wa yaron shago ya rubuta maka a littafi. Layin umarni kuwa zagayawa ne ka ɗauki littafin ka rubuta da hannunka. Littafin ɗaya ne.

Sai wani bambanci da yawancin ruɗani ke fitowa daga rashin saninsa. Akwai saitin asali, wanda masu manhaja suka zaɓa. Akwai zaɓin mai amfani, wanda ke rufe na asali amma ga shi kaɗai. Akwai kuma doka ko kulle, wanda mai kula da na'ura ke sawa daga sama, ya danne zaɓin kowa. Idan ka ga wani zaɓi ya yi toka-toka ya ƙi dannuwa, ko Chrome ta ce wata ƙungiya ce ke kula da ita, mataki na uku ne ke aiki.

## Inda kowace babbar manhaja ke ajiye littafinta

A zamanin farko na Windows, saiti yana zaune ne a fayilolin rubutu irin su win.ini da system.ini, kowa zai iya buɗe su ya karanta. Registry, wato ma'ajiyar saitin Windows, ta bayyana a Windows 3.1 a 1992 a matsayin ƙaramin abu, sai Windows NT da Windows 95 suka mayar da ita babban kundi. Rassanta biyu ne suka fi shafar wannan magana. HKEY_CURRENT_USER, da ake taƙaitawa HKCU, na wanda ya shiga na'urar ne, kuma yana kwance a fayil ɗin NTUSER.DAT cikin foldarsa. HKEY_LOCAL_MACHINE, wato HKLM, na na'urar ce gaba ɗaya, ba a rubutu a cikinsa sai da izinin admin. Umarnin `reg` ne ke karantawa da rubutawa, PowerShell ma, wadda ta fito a 2006, tana iya yi.

Ga misalin da ya shafi duk shagon da filas ɗin mutane ke shiga da fita. Windows tana zuwa ne da ɓoye wutsiyar sunan fayil, wato .docx ko .pdf ko .exe da ke ƙarshen suna. Wannan ɓoyewar ce ke ba mugun fayil damar shigar burtu, ya fito kamar takarda ko folda alhali manhaja ce mai cutarwa. Layin da ke gyara wannan shi ne:

`reg add HKCU\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Explorer\Advanced /v HideFileExt /t REG_DWORD /d 0 /f`

Idan aka warware shi, ba wani siddabaru. Ya ce: je wannan adireshi a reshen mai amfani, nemo gurbin HideFileExt, nau'insa lamba ce, zuba sifili. Harafin ƙarshe, `/f`, shi ne ke cewa kada a tsaya tambaya. A kula da shi, domin shi ke cire birkin.

A Mac, umarnin sunansa `defaults`, kuma gado ne daga NeXT, kamfanin da Steve Jobs ya kafa bayan barinsa Apple, wanda Apple ta sanar da saye a Disamban 1996. Kowace manhaja tana da fayil ɗin saitinta, da ake kira plist, a foldar Library/Preferences, mai suna irin com.apple.finder ko com.apple.dock. Mai zanen fosta a Barnawa da ke son hotunan allo su riƙa fita a JPG maimakon PNG zai rubuta `defaults write com.apple.screencapture type jpg`, shi ke nan. Da yawan saitunan da `defaults` ke taɓawa ba su da maɓalli a tagar saiti ko kaɗan, abin da ya sa masu Mac suka daɗe suna yawo da jerin irin waɗannan layuka.

Linux ce ta fi rarrabuwa, domin fuskarta ba ɗaya ba ce. Ubuntu da Fedora, nau'o'in Linux biyu, suna zuwa da fuskar GNOME. Linux Mint tana da Cinnamon da MATE da Xfce. Akwai kuma KDE Plasma. GNOME ta daɗe tana amfani da tsarin ajiye saiti mai suna GConf, kafin GSettings ta fito a 2010, GNOME 3 kuma ta rungume ta a 2011. Yau `gsettings` ne ƙofar gaba, dconf kuma ita ce ma'ajiyar, fayil guda a .config/dconf/user wanda ba a karanta shi da ido. Cinnamon da MATE ma a nan suke ajiya, sai dai sunayen gurabensu na farawa da org.cinnamon da org.mate. Xfce, wadda ta fi sauƙi a kan tsohuwar na'ura mai ƙaramin RAM, tana da `xfconf-query`. KDE tana ajiye nata a fayilolin rubutu irin su kdeglobals da kwinrc, kuma sunan umarninta ya tashi daga `kwriteconfig5` zuwa `kwriteconfig6` da fitowar Plasma 6 a Fabrairun 2024.

Wannan kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da layin da ya yi aiki a na'urar maƙwabci ke ƙin aiki a taka, alhali ku biyu "Linux" kuke kira.

## Wane umarni ne ke duba abin da aka rubuta

A nan ne bambanci mafi nauyi yake, kuma ba a cika ambatarsa ba. Wasu umarnan suna da mai gadi, wasu babu.

`gsettings` yana da shi. Kowace manhajar da ke amfani da shi tana zuwa da takardar ƙa'ida mai bayyana sunan kowane gurbi, irin ƙimar da yake karɓa, iyakarta, da saitin asali. Tsohon da idonsa ya yi rauni yana son rubutu ya ƙara girma, sai a rubuta `gsettings set org.gnome.desktop.interface text-scaling-factor 1.25`. Gurbin nan yana karɓar lamba ne daga 0.5 zuwa 3.0. In aka zuba 10, umarnin zai ƙi. In aka kuskure harafi a sunan gurbin, zai ce babu irin wannan. Kuma akwai `gsettings range` da ke nuna iyaka, `gsettings describe` da ke bayyana aikin gurbi, da `gsettings reset` da ke mayar da shi asalinsa. Wanda ya riƙe `reset` ya riƙe hanyar komawa gida.

`dconf write` kuwa yana zuwa ma'ajiyar ne kai tsaye, ba ya duba takardar ƙa'ida. Haka `defaults write` a Mac, haka `reg add` a Windows. Ka rubuta HideFileExt da kuskuren harafi ɗaya, Windows za ta ƙirƙiri sabon gurbi da wannan sunan, ta ce aiki ya kammala lafiya, ba kuwa manhajar da za ta taɓa karanta shi. Mai shago ya tafi da yaƙinin ya gyara, alhali bai taɓa komai ba. Wannan shi ne kuskure mai sauƙi. Mai tsanani shi ne a samu gurbi na gaskiya a zuba masa ƙimar banza, ko a yi `reg delete` a kan reshe sukutum. Registry ba ta da kwandon shara. Abin da aka goge ya tafi, sai in an yi `reg export` tun farko an ajiye kwafi.

## Na canza, amma bai canza ba

Ƙorafin da ya fi yawa ke nan, kuma dalilansa sanannu ne.

Na farko, manhajar tana buɗe. Yawancin manhajoji suna karanta saiti ne sau ɗaya lokacin tashi, su riƙe shi a ƙwaƙwalwa, wasu ma su sake rubuta nasu a kan naka lokacin rufewa. Firefox tana sake rubuta fayil ɗin prefs.js idan za ta rufe, shi ya sa ake zuba gyara a user.js, wanda take karantawa a kowane tashi. LibreOffice tana tara canje-canje a registrymodifications.xcu, kuma ba a taɓa shi tana buɗe. A Mac ana bin gyaran Finder, manhajar duba fayiloli, da `killall Finder` don ta mutu ta farfaɗo da sabon saiti. GNOME ce ta fita daban a nan: yawancin canje-canjenta suna bayyana nan take, domin ma'ajiyar tana shelanta wa manhajoji cewa an taɓa gurbi kaza.

Na biyu ya keɓanta da Mac. Tun wajen 2012 akwai wani ɗan aike mai suna cfprefsd da ke aiki a bayan fage, yana riƙe kwafin saiti a ƙwaƙwalwa. Wanda ya buɗe fayil ɗin plist ya gyara da hannu, yana iya tarar da ɗan aiken ya shafe gyaran da tsohon kwafinsa. `defaults` yana bi ta hannun ɗan aiken ne, don haka shi ne hanyar da ta dace.

Na uku kuwa masu ɗan sani yake kamawa, ba baƙi ba. Mutum ya saba cewa `sudo` ne ke ba umarni ƙarfi a Linux, sai ya sa shi a gaban `gsettings`. Sakamakon shi ne ko dai a canza saitin babban asusun root, ko umarnin ya gaza, nasa kuwa yana nan yadda yake. Irin wannan na faruwa a Windows: ɗalibi ya shiga da asusunsa, malami ya zo ya buɗe tagar umarni da asusun admin, sai HKCU ta koma nuni ga reshen malamin. An yi wa wani aski a kan wani.

Sannan akwai manhajojin da aka killace. Wadda aka ɗora ta Flatpak tana ajiye saitinta a .var/app, ta Snap a foldar snap, manhajojin App Store na Mac kuma a Library/Containers. Firefox da ke zuwa da Ubuntu tun 21.10 ta Snap ce, saboda haka darasin da aka rubuta kafin lokacin yana nuna foldar da ba a nan take ba yanzu. Tsufan darasi babbar matsala ce a wannan fagen. Intanet cike take da umarnan `gconftool-2` na zamanin GConf, da na Unity, fuskar da Ubuntu ta ajiye a 2017. Ba sa cutarwa yawanci, amma ba sa yin komai.

Akwai kuma abin da kamfani ya toshe da gangan. Tun Windows 8, zaɓin manhajar da za ta riƙa buɗe PDF ko shafin intanet yana ɗauke da hatimin lissafi a Registry. In aka canza shi da `reg add` kawai, hatimin ba zai dace ba, Windows ta yi watsi da canjin. Microsoft ta ce don hana manhajoji ƙwace matsayi ba da sanin mai na'ura ba ne. Masu wasu manhajojin shiga intanet suna ganin hakan ya ƙara wa Edge ta Microsoft rinjaye. A Linux wannan aikin layi ɗaya ne da `xdg-settings` ko `xdg-mime`.

## Masu goyon baya da masu taka-tsantsan

Hujjar masu goyon baya lissafi ce. A ƙaddara makaranta a Unguwar Rimi tana da kwamfuta 40, kowace tana bukatar gyara goma sha biyu, kowane gyara minti ɗaya da neman inda aka ɓoye shi. Awa takwas ke nan, kuma kafin a kai na'ura ta talatin hankali ya gaji, an tsallake biyu ko uku. In aka tattara layukan a fayil ɗaya, kowace na'ura daƙiƙoƙi ne, kuma duk iri ɗaya za su fito. JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta zalla tun 2015, makarantu kuma suna ta buɗe ɗakunan gwaji don ɗalibai su saba. Ɗaki irin wannan ba ya tafiya da dannawa ɗaya-bayan-ɗaya.

Hujjarsu ta biyu ita ce rubutu shaida ne. Dannawa ba ta barin sawu. Bayan wata shida ba wanda zai tuna abin da aka taɓa. Fayil ɗin umarni kuwa yana nan, ana karanta shi, ana gyara shi, mai gyara na gaba zai ga aikin na baya. Kuma yana tafiya nesa: injiniya a Malali zai iya taimakon ƙanensa a Zariya da layi ɗaya, ba sai ya yi ta aika hotunan allo yana cewa danna nan, gangara ƙasa ba. Tagogin saiti suna sauya fasali kusan kowace shekara, sunan gurbi kuwa yakan daɗe.

Masu taka-tsantsan ba su musanta wannan ba. Abin da suke cewa shi ne tagar saiti ba ado ba ce, tana yin aikin da ba a gani. Dannawa ɗaya wani lokaci gurabe uku take canzawa tare, ta kuma sanar da sauran manhajoji. Wanda ya canza gurbi ɗaya da hannu zai iya barin na'ura a yanayin da masu manhajar ba su taɓa gwadawa ba. Gurbin da ba a bayyana shi a hukumance ba kuwa, babu alƙawarin zai tsira daga sabuntawa ta gaba. Ita kanta Microsoft tana maƙala gargaɗi a bayananta na gyaran Registry, cewa kuskure na iya jawo babbar matsala, a ajiye kwafi tukuna. Apple tana tura ma'aikatu ga fayilolin saiti na hukuma da manhajojin kula da na'urori daga nesa, ba ga `defaults` ba.

Har masu ƙera fuskokin Linux ba su daidaita ba. GNOME ta zaɓi taƙaita abin da ke tagar saiti, sauran ta bar su ga `gsettings` da manhajar Tweaks, da hujjar cewa yawan zaɓi na rikita baƙo. KDE ta baje kusan komai a fili. Ma'ana mai GNOME zai fi bukatar layin umarni fiye da mai KDE, ba don ya fi shi ƙwarewa ba.

Akwai hanyar da ta haɗa ɓangarorin biyu, kuma ita ƙwararru suka fi bi. A buɗe Terminal a rubuta `dconf watch /`, a bar ta a gefe, a je tagar saiti a danna abin da ake so. Sunan gurbin da sabuwar ƙimarsa za su fito a rubuce. Ta haka na'urar ce da kanta ta faɗi layin, ba wani baƙo a intanet ba. Xfce tana da irin wannan sa ido da `xfconf-query -m`. A Windows da Mac ana fitar da kwafin saiti kafin dannawa da bayanta, a gwama su.

## Kulle: lokacin da zaɓi bai isa ba

Mai shagon intanet ko shugaban makaranta ba zaɓi yake nema ba, domin zaɓi kowane yaro zai iya juya shi. Kulle yake nema. A GNOME ana rubuta saitin a foldar /etc/dconf/db/local.d, a jera guraben da za a kulle a foldar locks da ke cikinta, a tabbatar fayil ɗin /etc/dconf/profile/user ya ambaci wannan ma'ajiyar, sannan a yi `dconf update`. Daga nan hoton bango, lokacin kulle allo, ko buɗe filas kai tsaye duk sun fita daga hannun mai zama a kujera. A Windows aikin Group Policy ne, wadda ta zo da Windows 2000. Tagar gyara ta ba ta cikin bugun Home, wanda shi ne a kan laftop da yawa. Dokokin dai a Registry suke sauka, ƙarƙashin Software\Policies, kuma wasunsu suna aiki a Home in an rubuta su da `reg`, wasu kuwa sai a Pro ko Education ko Enterprise. Chrome tana karanta dokokinta daga wannan reshen, Firefox kuma tun bugu na 60 a 2018 tana karɓar fayil ɗin policies.json.

Kulle allo ba ƙaramin abu ba ne ga shagon da ke cike wa mutane fom, inda lambar NIN da hoton fasfo da sakamakon jarrabawa ke kwana a kan tebur. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan wasu nauyin tsare su.

Kullen nan yana da wata fuska da ke cizon masu sayen tokumbo. Laftop ɗin da ya fito daga wani kamfani a Ingila ko Amurka yana iya zuwa da rajistar kamfanin. Mac da aka yi wa rajista a tsarin Apple na ma'aikatu, ko na'urar Windows da ke cikin Autopilot, irin wannan tsarin na Microsoft, takan nemi komawa hannun tsohon mai ita da zarar ta hau intanet, ko da an goge ta an sake ɗorawa, domin rajistar ba a cikin na'urar take ba. Kamfanin da ya yi rajistar ne kaɗai ke iya sakinta. Gwajin da ya fi amfani a kasuwa shi ne a goge na'urar a haɗa ta da intanet a gaban mai sayarwa kafin kuɗi su fita.

## Tarkon liƙa abin da ba a karanta ba

Tun 2024 masu binciken tsaro suke bibiyar wata damfara da suka laƙaba wa ClickFix. Shafi zai fito da akwatin "tabbatar kai mutum ne", ko ya ce akwai matsala a na'urarka, sannan ya umarce ka: danna maɓallin Windows da R, danna Ctrl da V, danna Enter. Shafin ya riga ya cusa mugun umarni a ma'ajiyar kwafi, kai ne kuma za ka kunna shi da hannunka. Abin da ke saukowa yawanci manhajar satar kalmomin sirri ce. Akwai nau'inta na Mac da ke cewa a buɗe Terminal.

Damfarar tana cin nasara ne a kan wanda aka saba wa liƙa layi ba tare da bayani ba. Ana iya rarrabewa ko ba a ƙware ba. Umarnin saiti na gaskiya gajere ne, galibi yana farawa da `gsettings set` ko `defaults write` ko `reg add`, yana ambaton gurbi da ƙima, ba ya bukatar intanet. Layin da ke ɗauke da adireshin shafi, ko `curl` da aka jona da `bash`, ko `mshta`, ko PowerShell mai dogon rubutu a cakuɗe, ba saiti yake canzawa ba, saukar da wani abu yake ya kunna. Ko `reg add` ɗin ma a duba adireshinsa: wanda ya ƙare da CurrentVersion\Run yana sa wata manhaja ta riƙa tashi da na'ura ne. Babu kuma wani shafin kirki da ke tantance mutum ta tagar umarni.

## Abin da zai canza a shago da gida

Amfanin da talaka zai gani ba a ado yake ba, a ƙananan abubuwan da ke cin kuɗi ne. Na'urar da ta zo daga Amurka tana rubuta 3 ga Afrilu a matsayin 4/3, rasit ya fita da kwanan da za a karanta 4 ga Maris. Gurbin sShortDate da ke ƙarƙashin Control Panel\International a HKCU ne ke riƙe wannan, `Set-Culture en-NG` a PowerShell kuma yana mayar da tsarin yanki zuwa na Najeriya. Agogo yana daidaita da `tzutil` a Windows, ko `timedatectl set-timezone Africa/Lagos` a Linux. Agogon da ya kauce sosai yana sa shafuka masu tsaro su ƙi buɗewa, a yi ta zargin netwok.

Sai data. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Na'urar da ba a gaya mata cewa intanet ɗin na awo ne ba, za ta sha sabuntawa a kan hotspot ɗin waya. `nmcli` a Linux da `netsh` a Windows duk suna iya yi wa haɗi alamar na awo, manhajojin da ke mutunta alamar su rage saukarwa a ɓoye. Wuta ma haka. Word tana adana kwafin ceto duk minti goma a saitin asali. Inda ake ɗauke wuta ba sallama kuma batirin UPS ya mutu, mayar da shi minti biyu shi ne bambanci tsakanin rasa layi uku da rasa shafi guda na furojet ɗin ɗalibin Kaduna Polytechnic.

Masu rubutun Hausa suna da nasu rabon. Linux tana zuwa da tsarin madannai na Hausar Najeriya, sunansa `ng+hausa` a gurbin org.gnome.desktop.input-sources. Windows tana da nata, ana ƙara shi da `Set-WinUserLanguageList` da alamar ha-Latn-NG. Mawallafin da ke da masu buga rubutu biyar zai iya sa wannan a fayil ɗinsa, a daina rubuta "kasa" inda ake nufin ƙasa.

Ga masu gyara, lamarin yana sauya abin da ake sayarwa. Wanda ya tara fayil ɗin saiti mai kyau zai gama na'ura goma a lokacin da abokinsa ke kan ta biyu. Mai na'ura kuma yana da haƙƙin ya ce, "Injiniya, a sa mini fayil ɗin a filas, a kuma nuna mini abin da kowane layi ke yi." A GNOME, `dconf dump / > saiti.txt` yana kwashe duk abin da aka canza zuwa fayil ɗin rubutu, `dconf load / < saiti.txt` ya mayar da shi bayan an sake ɗorawa. Sai dai fayil ɗin kan ɗauko sunayen foldoji da adireshin hotuna da wasu bayanan mai shi, don haka ana karanta shi a tsince kafin a tura wa wani. Kuma kwashe saitin tsohon bugu gaba ɗaya a juye wa sabo yakan jawo gurabe matattu. Ɗaukar reshe ɗaya, kamar /org/gnome/desktop/, ya fi tsafta.

Waɗanda suka zauna a kan Windows 10 suna da ɗan jinkiri. Microsoft ta buɗe wa ɗaiɗaikun mutane shirin ƙarin gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoba, 2026, a kan dala 30, ko da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kyauta ga wanda ya yarda a riƙa ajiye saitin na'urarsa a asusunsa na Microsoft. Wannan ajiyar ta ƙunshi saitin Windows da jerin manhajoji, amma ba za a dogara da ita wajen gyare-gyaren da aka yi wa Registry da hannu ba, ba kuma za ta bi mutum zuwa Linux ba. Shagon da ke shirin ƙaura sai ya zauna ya rubuta nasa jerin tun na'urorin suna aiki.